Yini guda da karnukan teku a Cape Cross

Shekaranjiya na dawo daga Namibiya, kuma rigar sanyin da na sa ranar da muka je Cape Cross tana nan rataye a tsakar gida. Sau biyu aka wanke ta, ƙarnin bai fita ba. Na je ne wurin yayana da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Walvis Bay, shi ya matsa sai na ga wata dabba da ba mu da ita, wadda na rasa sunan da zan ba ta sai karen teku. Kanta irin na kare ne, da 'yan kunnuwa da gashin baki, jiki kuwa sumul kamar ayun da masuntan Binuwai ke ba da labarinsa.

Maƙwabcin Yaya, wani dattijon masunci, shi ya ɗauke mu a motarsa. Daga garin Swakopmund tafiyar kusan kilomita 120 ce arewa, hamada a dama, teku a hagu, hazo mai sanyi ya rufe ko'ina. Da muka kusa isa sai ga 'yan tebura a bakin hanya, an jera dunƙulen gishiri mai ruwan hoda, ga farashi a rubuce, ga gwangwanin jefa kuɗi, babu kowa a wurin. Na ce, "Yaya, da wa zan yi ciniki?" Ya ce, "Da Allah da ke ganinka." Na ɗauki biyu na biya cif. Wannan amana ta burge ni fiye da duk gine-ginen da na gani a ƙasar. A ƙofar shiga kuma baƙo ya fi ɗan ƙasa biya nesa ba kusa ba, ni dai ban ga laifin hakan ba, da mu ma haka muke fifita namu.

Wari ne ya fara tarbarmu, sannan kuka. Duk wanda ya taɓa shiga kara a jajibirin Babbar Sallah ya san irin sautin, sai dai a nan babu iyaka. Daga kan duwatsu har cikin igiyar ruwa dabbobin ne, domin a lokacin haihuwa, Nuwamba zuwa Disamba, sukan haura 100,000. Jarirai baƙaƙe wuluk ko'ina. Uwa takan tafi teku neman abinci kwana da kwanaki, in ta dawo sai ta ɗaga murya, ta gane nata da kukansa da ƙamshinsa a cikin dubbai. Na ga wata ta sansana jarirai uku ta ture su, na huɗu ta kwanta masa ya kama nono. Na ga gawarwaki kuma da yawa. Babban namiji yakan wuce kilo 300, in faɗa ya kaure bai san abin da yake takawa ba, ga dila na zagayawa a gefe yana jiran rabonsa.

Abin da ya tsaya mini a rai wani matashin karen teku ne a ƙarƙashin gadar katakon da baƙi ke bi. Koren zaren kamun kifi ya naɗe masa wuya ya nutse cikin nama, wurin ya yi ja yana ruwa. Da wasa suke cusa kai cikin irin wannan zare, to kullum suna girma, zaren yana ƙara yanka. Nan take na tuna awakinmu da ke cin leda a bola, cikinsu ya kumbura su mutu. Akwai ƙungiyar Ocean Conservation Namibia da ke bin su a guje da raga, musamman a Pelican Point da ke kusa da Walvis Bay, suna yanke zaren su sake su. Wannan kam mun bar shi yana lumshe ido, ban iya yi masa komai ba.

A mota dattijon ya buɗe mana sauran zancen. Daga Yuli zuwa Nuwamba gwamnati na ba da izinin kashe su, akwai shekarun da adadin da aka yarje ya kai 'ya'ya 80,000 da maza 6,000. Da asuba ake yi, kafin a buɗe wa masu yawon buɗe ido: 'ya'yan da kulki, mazan da bindiga. Ana cire fata da mai, al'aurar mazan kuma a busar a kai Asiya a matsayin maganin ƙarfin maza. Tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan a 2009 kasuwar ta yi sanyi. Shi hujjarsa ita ce suna cinye kifin da zai ciyar da iyalinsa, kuma ban raina maganar mai neman abinci ba. Amma kifin sadin da ya ƙare a tekun nan, har aka dakatar da kamunsa a 2018, manyan jiragen kamun kifi ne suka kwashe shi tun shekarun 1960 da 1970. Na ce masa, "Baba, mu an koya mana ko rago za ka yanka ka wasa wuƙa, kada kuma ka yanka shi a gaban ɗan'uwansa." Ya yi shiru, can ya ce shi ma bai taɓa iya zuwa kallo ba.

Mun leƙa gicciyen dutse da wurin ya samo suna daga gare shi. Diogo Cão, ɗan Fotugal, ya kafa na asali a 1486, Jamusawa suka ɗauke shi a 1893, waɗanda ke tsaye yanzu kwaikwayo ne.

A garin Henties Bay ƙanwar dattijon ta gasa mana kifi, ta ƙi karɓar ko sisi, har da ƙunshin guzuri. Kwana biyu bayan nan na hau jirgi daga Windhoek. Gishirin ɗaya ya farfashe a jaka, ɗayan na kai wa Inna.