Na Je Ganin Dandamalin Ed Sullivan a Tsakiyar Hunturu

Ranar da na ce wa Kawu zan shiga Manhattan ganin wani tsohon gidan talabijin, sai ya ajiye kofin shayinsa ya zuba mini ido. Ya fi shekara 20 yana jan tasi a New York, amma bai taɓa jin wanda ya taso tun daga Kano don ya kalli ƙofar gini ba. "To, Allah ya tsare, ɗana. Ka hau jirgin D daga nan Bronx, kada ka sauka sai Seventh Avenue. Kuma ka sa safar hannu, wannan ba hunturun gida ba ne."

Ban sa ba. Ina fitowa daga tashar ƙarƙashin ƙasa iskar Fabrairu ta mare ni, yatsuna suka ƙage, da ƙyar na iya danna waya.

Ginin yana lamba 1697 a kan titin Broadway, tsakanin layi na 53 da na 54. In ba don allon fitilu da ke samansa ba, sai mutum ya wuce bai sani ba. An buɗe shi a 1927 a matsayin gidan wasan kwaikwayo, daga baya gidan rediyo da talabijin na CBS ya karɓe shi, aka raɗa masa sunan Ed Sullivan, wanda ke gabatar da shirinsa na talabijin a ciki, a 1967. David Letterman ya yi shirinsa na dare a ciki daga 1993 zuwa 2015, ranar da na je kuwa sunan Stephen Colbert ne a allon. Shiga sai da tikitin da aka nema tun da wuri, ni kuma ban nema ba, don haka na tsaya a bakin titi kamar mai jiran bashi.

Shi Sullivan ɗan jarida ne. Ba ya waƙa, ba ya rawa, ko tsayuwa gaban kyamara ma a sandare yake yinta, kafaɗa a ɗage. Amma daga 1948 har 1971, duk daren Lahadi, Amurkawa sukan taru gaban akwati su ga wa zai kira. Shirin nasa kamar kasuwar ƙauye yake: mawaƙi ya sauka ɗan barkwanci ya hau, sai mai juya faranti a kan sanda, sai 'yar tsanar ɓera mai suna Topo Gigio. Kaka da jika kowa da abin da yake jira, kuma dole ka haƙura da na wani kafin naka ya zo.

Da sanyi ya ishe ni sai na taka zuwa Paley Center a layi na 52, inda ake adana tsofaffin shirye-shiryen rediyo da talabijin. Na biya kuɗin shiga, aka nuna mini kujera da kwamfuta da abin sawa a kunne.

Na fara da daren 9 ga Fabrairu, 1964, fitowar mawaƙan Birtaniya, Beatles, ta farko a shirin Sullivan. Mutum kusan miliyan 73 ne suka kalla, a ɗakin kuwa kujeru 728 ne kacal, alhali wasu 50,000 sun nemi shiga. Hoton fari da baƙi, ihun 'yan mata ya kusa danne kiɗan. Daga nan na duba Elvis Presley na Janairun 1957, wanda aka ɗauka daga ƙugu zuwa sama saboda ana ganin rawarsa ta wuce gona da iri. Na yi dariya ni kaɗai, don na san dattawan unguwarmu da sun ce madalla da mai kyamarar.

Inda na daɗe shi ne wurin baƙaƙen fata. A zamanin da a kudancin ƙasar baƙi bai isa ya zauna teburi ɗaya da Bature ba, Sullivan yana gayyato mawaƙa irin su Nat King Cole da Ella Fitzgerald da Louis Armstrong, ya miƙa musu hannu a gaban kowa. Masu talla sun yi gunaguni, bai fasa ba. The Supremes sun fito sau da dama. Na tsaya kan Disamban 1969: Jackson 5, ga Michael ɗan shekara 11 da hula mai faɗi, yana waƙa da muryar wanda ya ga duniya. Sau uku na maimaita. Ba waliyyi ba ne Sullivan, a shirinsa an sa Rolling Stones sun sauya baitin waƙa a 1967, Bob Dylan kuma ya fice a 1963 da aka hana shi wadda ya zaɓa. Duk da haka ƙofar da ya buɗe ta fi wadda ya rufe faɗi.

Ina cikin kallo sai Shata da Ɗan Maraya suka faɗo mini a rai, da daren da mukan cika tsakar gidan maƙwabci, almajirai na leƙe ta taga. A nan kuwa abin da miliyoyi suka gani tare, ni kaɗai nake kallonsa, kunnuwa a toshe, na kusa da ni yana kallon wani abu daban.

Na koma Bronx bayan magariba. Kawu ya dubi hannuwana da suka yi fari fat, ya turo mini man shafawa. "Ka ga ƙofar?" Na ce na gani. Ya ce, "To, zo ka ci tuwo kafin ya huce."