Keken guragu: yadda muke ƙera shi, da dalilin da ba ma yin na araha

Shagonmu na walda a cikin birnin Kano yake. Muna yin ƙofofi da tagogi idan aikin ya samu, amma abin da aka san mu da shi keken guragu ne, mai ƙafa uku, wanda ake tuƙawa da hannu. Ni kaina a kansa nake zuwa aiki. Shan inna ta kama ni tun ban fara tafiya sosai ba, ta tafi da ƙafafuna biyu. Saboda haka duk keken da ya fita daga hannuna, na san abin da mai shi zai ji a kafaɗa da ƙugu idan ya sha tafiya cikin rana.

Masu ƙafa suna ɗauka talauci ne babban abin da ke damun gurgu. Talauci yana nan, amma jira ya fi cin rai. Ka jira a goya ka zuwa makarantar allo, ka jira ƙaninka ya dawo daga ƙwallo kafin ka je masallacin Juma'a, a yi rasuwa a unguwa ka jira wanda zai kai ka gaisuwa. In ka ce ba za ka jira ba, sai rarrafe da silifa a hannu: da damina taɓo, da bazara ƙasa ta ƙona maka gwiwa. Ranar da mutum ya iya fita don ra'ayin kansa, ya dawo lokacin da ya ga dama, ba tare da ya roƙi kowa ba, ranar nan ya samu 'yanci, ko da aljihunsa wayam ne. Abin da muke sayarwa ke nan.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ƙi yarda a kai ni bara duk da masu ba shi shawara sun yi yawa. Sai ya damƙa ni a hannun wani dattijo mai gyaran keke da walda. Farkon abin da Maigida ya yi shi ne yanke ƙafafun teburin aikinsa don ya zo daidai da zamana a ƙasa, shi kuma ya koma aiki a tsugune. Ya ce da ni, “Yaro, ƙarfe bai san ƙafa ba, hannu ya sani.” Na daɗe ban taɓa injin walda ba. Ɗaura wili kawai yake sa ni, in ja wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, in juya, in duba ko yana layi, in sake kwancewa. Da ya yarda da hannuna sannan ya koya mini walda, kuma da kunne ya fara: idan wutar ta zauna daidai akwai irin ƙarar da take yi, idan ta yi yawa za ka ji tana tartsatsi kafin ma ta huda bututun. In na gama sai ya ƙwanƙwasa wurin da guduma, dattin ya faɗi, ya leƙa. Ya ga rami ko ɗaya, to a yanke a sake.

Keken gurgu ba a yin sa sai an auna mai shi, kamar yadda tela ke auna riga. Muna zaunar da mutum, mu duba tsawon hannunsa daga ƙirji zuwa inda zai kama abin murzawa. Ya yi nisa, zai riƙa sunkuyawa har bayansa ya ƙage. Ya yi kusa, gwiwar hannu ba ta miƙewa, ƙarfinsa ya tafi a banza. Wurin ajiye ƙafa ma kowa da nasa, domin shan inna ba iri ɗaya take barin mutane ba: wani ƙafa ɗaya ta fi gajarta, wani a lanƙwashe suke, wani sai an yi masa ɗan shinge don kada ƙafar ta zame ta shiga taya.

Sai batun nauyi, wanda a nan ake gane gwani. Tayar gaba ita sarƙa ke ja. Idan kujera ta yi baya da yawa, gaban ya yi sakayau, da ka shiga yashi ko ka zo hawa sai tayar ta riƙa juyawa a wuri ɗaya. Idan kuma ka matse tayoyin baya, keken zai kife a kwana. Ka buɗe su da yawa, ba zai shiga ƙofar zaure ba, sai ya kwana a waje. Shi ya sa nake tambayar faɗin ƙofar gidan mutum tun kafin in tambayi launin fentin da yake so. Mai sayar da goro ko katin waya muna yi masa akwati mai makulli a baya. 'Yan mata masu zuwa Islamiyya muna rufe musu sarƙa don kada ta ci hijabi. Masu hali kuma suna kawo babur roba-roba mu ƙara masa tayoyi, mu dawo da giya da burki hannu.

Bututun da muke aiki da shi ni nake zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa in zaɓa da kaina, in ɗaga in ji nauyinsa, domin yanzu akwai wanda a ido mai kauri ne, a hannu kuwa ba komai. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Lokacin rabon tallafi ya zo, sai ɗan kwangila ya nemi kekuna masu yawa cikin mako guda, ya tafi wurin wanda bai taɓa zama a kan keken ba. A haɗa da bututun gadon yara, a ɗiga walda nan da can, a lulluɓe da fenti mai ƙyalli, duk girmansu ɗaya, yaro da magidanci. A ɗauki hoto, a watse. Kafin damina ta fita kekunan sun dawo shagona a karye. Mai ƙafa in kekensa ya lalace a hanya tura shi zai yi ya tafi gida. Gurgu kuwa a tsakiyar titi zai zauna, motoci na yi masa hon, har Allah ya kawo mai taimako. Don haka idan mai saye ya ce, “Malam, ai a can rabin wannan kuɗin ne,” sai in miƙa masa guntun bututuna da guntun nasu, in ce ya gwada lanƙwasawa.

Da yawa daga samarin da nake yi wa keke yanzu an haife su ne a shekarun da aka yi ta ja-in-ja kan allurar rigakafin shan inna, lokacin da aka dakatar da ita a Kano a 2003 har zuwa 2004. Ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka bayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, na yi hamdala har da hawaye, kuma 'ya'yana babu wanda bai sha ɗigon ba. Amma waɗanda ta riga ta taɓa muna nan da ranmu. An sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ga shi har yau sau da yawa keke na kai mu bakin ƙofa ne matakala ta tsayar da mu. Wannan ba aikin mai walda ba ne, sai dai ba za mu daina faɗa ba.

Yaran shagona rabi guragu ne, rabi masu ƙafa, kuma teburanmu duk gajeru ne. Wasu cikinsu da yamma suna tafiya ƙwallon guragu, wasan da Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, har allunan tayar da suke zama a kai mu muke gyara musu.

Wanda yake son keke ya zo da mai hawan, kada ya aiko da kwatance. Idan ba zai iya zuwa ba mu za mu je gida mu auna shi. Bayan wata guda ya dawo da keken mu ɗaure sarƙa, mu sa giris, mu duba burki, wannan kyauta ne. Yaro kuwa idan ya ƙara tsawo, a kawo mu matsar da kujerar, ba sai an sayi sabo ba.