Talata: abin da ido bai gani ba

Yau da hantsi masu neman ruwan foraj (rijiyar burtsatse) suka yi awo a wata gona kusa da Gulbin Maradi. Ƙarafa huɗu suka kafa a layi ɗaya. Biyu na gefe suna tura wutar batir cikin ƙasa, biyu na tsakiya suna auna ƙarfinta. Duk sanda aka ƙara nisan na gefe, wutar tana ƙara nutsewa. Inda ƙasa ta bushe ƙarau sai an zuba ruwan gishiri a gindin ƙarfen, in ba haka ba na'urar ba ta karanta komai.

Busasshen yashi yana tare wuta, jiƙaƙƙe yana barinta ta wuce. Matsalar ita ce yumɓu ma yana barinta ta wuce. Nan ake yin asara: awo ya nuna ruwa, inji ya haƙa, a tarar da laka.

Mai gonar ya ce: "Malam, ruwan da ba ku gani ba, yaya kuka san yana nan?"

Ba da ido aka sani ba, da sawunsa ne. Haka wani Bafaranshe masanin taurari, Le Verrier, ya yi a 1846. Ya ga duniyar Yuranus tana kaucewa hanyarta, ya lissafa inda mai janta yake, aka duba daga Jamus aka ga duniyar Neftun. A 1859 ya sake wannan dabara kan duniyar Makuri, wadda ita ma take kaucewa hanyarta, ya ce akwai wata duniya kusa da rana da ke janta. Aka yi ta nema, babu ita. Sawun gaskiya ne, fassarar ce ta kuskure, sai a 1915 lissafin masanin kimiyya Einstein ya warware zancen.

Mai wuyar shi ne abin da ba zai taɓa barin sawu ba. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sararin samaniya yana faɗaɗa, har akwai wuraren da haskensu ba zai iso mu ba har abada. (Ban sa gaibu a nan ba, wannan sha'anin imani ne, ba na na'ura ba.) Ni dai ina ganin wuraren suna nan, don babu abin da ya nuna cewa halitta ta tsaya daidai inda ganinmu ya ƙare. Sai dai hujjar ta lissafi ce kawai, kuma babu injin da zai je ya haƙa ya tabbatar.