Tukunya cikin tukunya: inda na kai bayan wata bakwai

'Yan uwa masu wannan gwaji na sanyaya kayan miya da tukwanen ƙasa, tun farkon bazara na yi alkawarin kawo muku rahoto duk mako, sai ga shi wata bakwai ban ce uffan ba. Ba lalaci ba ne kaɗai. Kunya ce ta fara rufe mini baki, don tukunyata ta farko ƙememe ta ƙi yin sanyi, tumatirin da na zuba a cikinta kuwa ya riga na kan faifai ruɓewa. Yanzu da abin ya kama hanya, ga yadda aka yi, har da wuraren da na yi ɓarna. In kun ga gemuna ya kama wuta, sai ku shafa wa naku ruwa.

Ga wanda bai san abin da muke ta fama da shi ba: tukwanen ƙasa ne guda biyu, ƙarama a cikin babba. A cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Babu wuta, babu inji. Wanda ya fito da ita duniya ta sani shi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya taso a gidan magina tukwane. A shekarar 2000 ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000 a kan wannan aiki, a 2001 kuma mujallar Time ta sa tukunyar cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Abin da ya fi burge ni ba kyautar ba ce, dalilinsa ne. Ya lura cewa saurin lalacewar kayan lambu na cikin abin da ke sa a ɗora wa 'yan mata talla kullum maimakon makaranta. Har wasan kwaikwayo ya sa aka ɗauka, ana yawo da shi ƙauye-ƙauye ana haskawa a jikin farin ƙyalle da ɗan janareta. A Sudan ma ta karɓu, can suna ce mata zir.

To, a watan Maris na shiga da ƙafar hagu. Ido ya ja ni, na sayi wata babbar tukunya irin wadda ake sayarwa a bakin titi don shuka fure, an shafe ta da fentin mai tana ta ƙyalli. Na ɗebo turɓaya a bayan gida na cusa, na kwarara ruwa, na kai ta lungun ɗakin ajiya na ja ƙofa, a tunanina duhu shi ne sanyi. Kwana uku ina leƙawa da ma'aunin zafi. Ɗakin digiri 36, cikin tukunya 34. Uwargida ta duba ta ce, "Malam, randata ta bakin ƙofa ai ta fi wannan firijin naka." Ban tanka ba, don gaskiya ta faɗa.

Wannan maganar ce ta sa na nemi wata tsohuwa maginiya a ƙauyen da ke kusa da mu. Na gaishe ta, na yi mata bayani dalla-dalla, har da digiri. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Ɗan nan, tukunyar da ba ta gumi ina za ta samo sanyi?" Ta ɗauko wata sabuwa marar ado, ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ta ji amonta, ta zuba ruwa rabi, ta ce in zauna in sha fura. Kafin in gama, jikin tukunyar ya yi duhu-duhu daga ƙasa zuwa daidai inda ruwan ya tsaya. Ta ce, "Ga taka nan." Na ce, "Inna, ta ciki fa?" Ta ce ta ciki a samu wadda ta gasu sosai, wadda ba ta yawan tsatsafo, kada kayan miya su kwana cikin ruwa.

A nan na gane inda na yi ta kuskure, kuma shi ne abin da nake so ya zauna muku kafin ku kashe ko kwabo. Ba zaman ruwan ne ke kawo sanyin ba, tafiyarsa ce. Ruwan ya bi yashi, ya ratsa ƙananan ƙofofin jikin babbar tukunya, ya fito waje, iska ta ɗauke shi. Kuma ruwa ba ya bin iska hannu rabbana, sai ya kwashi zafi daga jikin abin da ya bari, kamar yadda gumi ke yi mana. Zafin da lita ɗaya take sha kafin ta bushe ta bi iska ya ninka wanda za a kashe a ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau 5. Ni kuwa na toshe ƙofofin da fenti, na liƙe su ta ciki da taɓo, sannan na hana iska shiga ɗakin. Ƙofa uku na rufe wa ruwan, ina jiran ya yi mini aiki.

Haɗi na biyu na yi shi a natse. Yashin rafi na samo, mai ɗan tsakuwa, na tankaɗe shi da rariya, na wanke sau uku har ruwan ya daina yin ja. Na fara shimfiɗa shi a gindin babbar tukunya har bakin ƙaramar ya zo daidai da na babbar, sannan na cika gefe-gefe, tazarar kamar yatsu uku. Wajen ba da ruwa ma sai da na sake yin abin dariya. Na ga kamar in ruwa ya yi yawa sanyi zai yi yawa, na tuttula bokiti guda, sai ga ƙaramar tukunya ta taso sama kamar ƙwarya a kududdufi, yashi ya gangara ƙarƙashinta. Dole na kwashe komai na sake. Ku riƙa zubawa da moɗa, a hankali, kuna zagayawa, da kun ga saman yashin ya yi damshi ya daina sha ku tsaya. A bazara sau biyu nake yi, da safe da kuma bayan la'asar.

Wurin ajiya ya fi komai tasiri. Na fito da ita ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, inda rana ba ta taɓa ta amma iska na ratsawa, na ɗora ta kan duwatsu uku kamar murhu don ƙasanta ma ya sha iska. A tsakiyar Afrilu, da azahar, ma'aunina ya nuna 40 a inuwa, cikin tukunya 26. Na kira uwargida ta sa hannu. Gani ya kori ji. Ba ta yabe ni ba dai, amma washegari na tarar da attaruhunta a ciki.

Akwai wata 'yar dabara da za ta hana ku wahalar banza. Ku naɗa jiƙaƙƙiyar auduga a kan ma'aunin zafi, ku yi ta yi masa fifita na ɗan lokaci har lambar ta daina sauka. Inda ta tsaya, nan ne iyakar sanyin da iskar ranar za ta iya bayarwa, ko wace irin tukunya ce da ku. Ranar da na samu 26, audugar ta nuna 22. Ke nan abin da ya rage mini in kora digiri 4 ne kawai. Firiji kuwa cikinsa yana sauka har zuwa wajen digiri 4, don haka kada wani ya ruɗe ku da sunan "firijin ƙasa" ku sa nama ko kifi ko madara. Wannan ta kayan lambu ce.

A gwajin Bah Abba an ruwaito gauta ta yi kwana 27 maimakon 3, alayyaho ya yi kwana 12 maimakon yini guda, tumatir da barkono suka kai mako uku. Ni ban kai can ba. Tumatirina ya yi kwana 15 lafiya lau, na kan faifai kuwa a rana ta huɗu ya fara yamushewa. Alayyaho kwana biyar. Ina zargin tumatirin kasuwa ne, wanda ya riga ya sha matsa a kwando da zafin mota kafin ya iso hannuna, na gona da aka tsinka da safe dole ya fi shi daɗewa. Karas da tattasai su suka fi jin daɗin wurin. Na kuma lura rabin amfanin ba daga sanyin yake ba, daga damshin da ke cikin tukunyar ne, shi ke hana ganye yaushi. Shi ya sa albasa ba ta da wuri a nan. Na sa guda shida, cikin mako suka fara tsiro, ɗaya ta ruɓe ta ɓata mini warin tukunya. Albasa da tafarnuwa busasshen wuri suke so. Mangwaro nunanne ma na taɓa haɗa shi da ɗanyen tumatir, kwana biyu duk suka yi ja, don nunannen 'ya'yan itace na fitar da wata iska, etilin, mai gaggauta nunar na kusa da shi. Wanda ya fi kowa cin ribar tukunyar dai Baba ne, da ya gano goronsa ba ya bushewa a ciki. Yanzu ko ban ba ta ruwa ba shi zai tuna mini.

Wajen watan Mayu sanyin ya fara ja da baya, na rasa dalili, sai na ga wani fari-fari kamar kanwa ya lulluɓe jikin babbar tukunyar. Ruwan rijiyarmu ne mai ɗan zartsi. Ruwan ya tafi, gishirin ya tsaya a bakin ƙofofin. Dalilin da ya sa iyayenmu ke cewa sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi ke nan. Na goge da soso mai kaushi ba sabulu, na canza yashi, ta dawo kusa da yadda take.

Damina kuwa ta ƙasƙantar da ni. A Agusta waje 29, ciki 27, audugar ma 26 take nunawa. Iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da wurin ɗaukar nawa. Buhun ya fara wari, fumfuna ta kama bakin tukunya. Na kwashe yashin na shanya, na kife tukwanen na bar su su huta. Wanda ke Fatakwal ko Kumasi, irin abin da zai riƙa gani ke nan kusan duk shekara, na Sakkwato da Damagaram da Maiduguri kuwa ya fi ni sa'a.

Hutun ne ya ja ni koyon ginin tukunyar da kaina, don samun biyu da suka dace da juna a kasuwa wahala ne. Inna ta koya mini a kife tsohuwar tukunya, a barbaɗa mata toka, a shimfiɗa yumɓu a bayanta ana bubbugawa, in ya ɗan sha iska a ciro a ɗora wuya. A yumɓun ana cakuɗa dakakken tsingaro don kada ya tsage. Na babbar tukunya na ƙara ɗan ƙaiƙayi, wanda in ya ƙone a wuta zai bar ƙofofin gumi. Uku na gina. Ta farko na shanya ta a rana don gaggawa, ta tsage daga baki har gindi. Ta biyu ta fashe a wuta da ƙara, Inna ta ce ba ta gama bushewa ba. Ta uku ta fito, a karkace kamar hular da aka zauna a kai, amma tana gumi.

Yanzu Oktoba, iska ta fara bushewa, audugar ta soma sauka. Ina da wasu biyu suna bushewa a inuwa, Inna ta ce kada in kuskura in taɓa su sai bayan mako biyu. Kafin nan zan gwada wani salo mai sauƙi: tukunya ɗaya a zaune cikin faffaɗan kasko mai jiƙaƙƙen yashi, a lulluɓe ta da algarara har ƙasa yadda buhun zai riƙa jan ruwa da kansa. Zan jera ta gefe da gefe da mai biyun, tumatir daga kwando ɗaya, rana ɗaya. Wanda ke da ma'aunin zafi a cikinku ya auna nasa da azahar, waje da ciki da na auduga, mu haɗa lambobin idan hunturu ya kankama.