Cibiyoyinmu a Unguwar Rimi

Wata uku muka yi muna ja-in-ja a zauren WhatsApp na 'yan gidanmu kafin aka ce ni in je in gano. Wani mai harkar gine-gine ne ya kawo tayi a kan gidan marigayi Babanmu da ke Unguwar Rimi a Kaduna: a rushe, a yanka filin, ya tayar da benaye huɗu a jere, mu ɗauki biyu ya ɗauki biyu. Ƙannena mata uku duk sun yarda. Ni ma can zuciyata ta karkata, don kuɗin makarantar yara ba ya jiran kowa. Yaya ne kaɗai ya tirje daga Ingila, yana ta turo mana hotunan gidajen Turawa masu shekara ɗari da wani abu, wai mu ga yadda mutane ke riƙon kayan kakanninsu. Autarmu ta ce masa riƙon gida da fatar baki ba wuya ga wanda ruwa ba ya ɗiga a kan gadonsa. Daga nan aka kwana biyu ba wanda ya ce uffan.

Ranar Asabar da sassafe na shiga Sharon a tashar Unguwa Uku. Tsakiyar damina ce, shinkafa ta yi kore shar a Kura, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tashar Yari kuwa masara ta fi tsayin mutum. Kusa da ni wani dattijo ne Bazazzagi, da ya ji abin da zai kai ni Kaduna sai ya gyara zama ya ɗauko zancen masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina da ƙasa da azara a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da ginin zamani, tsohon yana ciki sabon yana waje. A Agustan 2023 wani sashe ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Dattijon bai ɗora wa kowa laifi ba. Cewa kawai ya yi tsohon gini ba ya faɗuwa sai ya daɗe yana nishi, sai dai a rasa mai kunnen ji. A Kwangila ya sauka da buhun kayansa.

Jaji, Mararrabar Jos, Rigachikun, sai ga gadar Kawo. Na tari Keke Napep muka bi titin Ali Akilu, muka wuce Unguwar Sarki da masallacin Sultan Bello.

Bakano in ya ji an ce tsohon gida a Kaduna dariya yake yi, kuma da gaskiyarsa. Garin jiya-jiya ne in aka gwada shi da Kano ko Zazzau. Turawa ne suka shata shi, suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, ya ci gaba da zama fadar gwamnatin Jihar Arewa har 1967 da aka yanka jihohi. To amma wannan ƙuruciyar ita ce tarihinsa. Gidajen GRA da aka gina wa manyan ma'aikata, masu faffaɗan fili da baranda da boskwata a baya, su ne ganuwar Kaduna, su ne Gidan Makamanta. Baba ma'aikacin gwamnati ne, a ɗaya daga cikinsu aka sauke shi, daga baya ya saya. A layinmu gida goma na sani ina yaro. Da na ƙirga daga cikin Keke, uku ne suka rage da kamanninsu. Ɗaya ya zama makarantar kuɗi, ɗaya otal, sauran an daddatsa su an zagaye da katanga mai tsayin da ko reshen mangwaro ba ya leƙowa.

Gwaggo na tarar a baranda kan tabarma tana tsince shinkafa. Ƙanwar Baba ce, tun da mijinta ya rasu take gidan.

"Babana, kai ne tafe da rana tsaka?" Haka take kirana don sunan mahaifinta gare ni.

"Ni ne, Gwaggo. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. An ce kai aka turo ka auna mu." Ta miƙo min kofin ruwan randa ba ta ƙara komai ba.

Washegari na kira wani tsohon magini da ya san gidan tun Baba na da rai. Bai zo da komai ba sai guduma ƙarama da tocila. Ya bi bangon falo yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gudumar, kunnensa kusa da bango kamar likita. Sama-sama ƙarar tana fita tas. Da ya sauko daidai gwiwa sai ta koma fuf-fuf, kamar ana buga ƙwarya. Ya sa farce ya ɓamɓaro filasta mai faɗin faranti, ta faɗo gaba ɗaya da fentinta. Jan bulon da ke ƙasa ya jiƙe sharkaf, ga wani farin gari kamar kanwa a kansa, in ka murza sai ya marmashe.

"Alhaji, wa ya yi muku wannan aikin?"

Ni ne. Shekara takwas da suka wuce na turo kuɗi aka kankare tsohon yaɓe aka yi sabuwar filasta mai siminti da yawa, aka bi ta da fentin mai, aka kuma shimfiɗa intalok a tsakar gida. Har hoto na tura wa Yaya ina taƙama. Maginin ya yi min bayani a hankali, kamar mai yi wa yaro karatun allo. Tsohon bulo yana shan danshi daga ƙasa, yana kuma fitar da shi ta jikin yaɓe mai laushi da farar ƙasa. Da muka rufe shi da siminti mai tauri da fentin mai, ruwan ya shiga ya rasa ƙofar fita, sai ya zauna yana cin bulon daga ciki. Intalok ɗin kuma ya ɗaga tsakar gida har ta kusa kai daɓen ɗaki, ya binne layin kwalta da magina na farko suka sa a gindin bango don tare danshi, kuma gangarensa wajen gini ya nufa. Duk ruwan da ya zubo daga rufi, maimakon ya bi lambatu ya fita, gindin bango yake komawa ya kwanta. Ruwan Kaduna kuwa ba irin na Kano ba ne, tun Afrilu yake farawa har Oktoba bai gama sallama ba. Gyaran gangar Auzinawa, da kuɗina.

Muka hau silin ta wata 'yar ƙofa a lungun banɗaki. A nan na sha mamaki. Katakon asali, baƙi wuluk don tsufa, ya buga masa guduma ta yi tsalle ta dawo. Wanda aka ƙara daga baya wajen kicin kuwa gara ta cinye cikinsa ta bar fanko, yatsa ma yana huda shi. Ya haska min allunan silin ya ce asbesto ne, kada in bari wani yaron kafinta ya sa musu zarto ko ya farfasa su a bushe, ƙurarsu ke lalata huhu. In za a cire, a jiƙa su, a sauke ɗaya bayan ɗaya ba tare da an karya ba.

Da muka sauko babu wuta, ƙarfe biyun rana, amma falon sanyi ƙalau. Sai a ranar na lura da abin da na girma a cikinsa ban taɓa gani ba. Silin ɗin yana da tsayi, akwai 'yan ƙananan tagogi can sama da zafi ke fita, tagogin ƙasa suna kallon juna iska na ratsawa, barandar kuma ta hana rana taɓa bango. Har murhun jin ɗumi akwai a falo mai bututun hayaƙi, na lokacin hunturu, wanda Gwaggo ta mayar ma'ajiyar tukwane. Ɗaki ɗaya ne ba ya zaunuwa: ɓangaren barandar da muka toshe da bulon siminti muka sa masa tagar alminiyom don a samu ɗakin baƙi. Gwaggo ta ce ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai a ciki.

Da yamma injiniya ta zo, ƙawar autarmu ce tun jami'a. Na gaya mata shawarar da nake ganin za ta raba gardama, a bar gidan amma a ɗora masa bene a zuba 'yan haya a sama. Ba ta ce e ko a'a ba, ta sa aka haƙa rami a gindin bango ta baya. Ba a yi nisa ba aka kai ƙarshen fandisho. Ta ce an yi shi ne don ya ɗauki bango da rufin kwano, kuma ya ɗauka shekara da shekaru bai yi ƙorafi ba, amma in aka aza masa dakin na kankare da wani hawa, ba ta sa hannu. Abin da ta ba da shawara shi ne a yi sabon gini a baya inda boskwata take, da nasa fandishon daban. Kada a ɗinke shi da tsohon, domin sabon gini yana ɗan zama cikin ƙasa a shekarunsa na farko, tsohon kuwa ya gama zamansa tuntuni, in aka haɗa su ƙarfi da yaji sai bango ya tsage a mahaɗar. A bar 'yar tazara, a haɗa su da rumfa. Ta kuma tuna min cewa kafin a sa tubali ɗaya sai an kai zane KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, an samu izini, ita kuma takardar filin da ke KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar, har yanzu sunan Baba ne a kanta, sai mun gama maganar gado a kotu.

Ranar Litinin na ɗan zaga gari, don Yaya ya dame ni in binciko ko akwai dokar da ta hana rushe irin gidanmu. Na fara da Gidan Arewa a titin Rabah, gidan Sardauna inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, wanda tun 1970 ya zama cibiyar adana tarihi, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Na wuce Lugard Hall, inda majalisar dokokin jiha ke zama. Na ƙare a Gamji, bakin kogi, wajen 'yar gadar ƙarfen nan ta Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a kwaso ta zuwa nan. Ita tana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana a taɓa irinta sai da izini. Amma wannan kariya ta abin da aka ayyana ne ɗaya-ɗaya. Gidan Baba ba ya ciki, na maƙwabta ma haka. Otal ɗin Durbar guda, da aka gina don bikin al'adu na FESTAC na 1977, an rushe shi a 2020, balle gidan akawu.

Na kira Yaya daga nan bakin kogi. Ya ce a can tun 1967 doka ta ba ƙananan hukumomi ikon shata unguwa sukutum su ce ta tarihi ce. A irin wannan unguwa ba ka rushe gida sai da izini, a wasu ma ko taga ba ka canzawa yadda ka ga dama, bishiya kuwa sai ka ba da sanarwar sati shida kafin ka sare ta. Masu son faɗaɗa gida sukan bar fuskar da ke kallon titi yadda take, su yi ƙarinsu ta baya. Na ce masa abin ya yi kyau, amma ni ina da ja. Ka ce wa magada bakwai da ba su da kuɗin kwano kada su rushe, kada su canza, ba ka kuma ba su ko sisi ba, ai ka yanke wa gidan hukuncin ruɓewa a tsaye. Ya ce in an bar kowa da son ransa kuma, nan da shekara ashirin jikokinmu sai a hoto za su ga Kaduna. Katina ya ƙare ba mu daidaita ba.

Da la'asar injiniya ta dawo da tef da turaku ta fara shata inda sabon ginin zai zauna. Gwaggo, wadda kwana uku ba ta sa baki ba, ta taso da sandarta ta tsaya daidai turke na biyu, tsakanin boskwata da tsohon mangwaro.

"'Yar nan, cire wannan."

"Gwaggo, nan ne kusurwar ɗaki."

"Nan ne cibiyar Babana." Ta nuna da sanda. "Nan ta Yayansa. Nan ta Auta, ni na haƙa da hannuna ranar ana ruwa. Ba za a zuba musu kankare ba ina numfashi."

A shari'a Gwaggo ba ta da ko taku ɗaya a gidan nan, tunda Baba ya bar 'ya'ya maza. Ba takarda a hannunta, ba hatimi. Injiniya ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta tsugunna ta zare turken ta matsar da shi mita biyu, ta ce ɗaki ɗaya zai rage faɗi, kuma dama saiwar mangwaron za ta fi son haka. Da magariba mai tayin benaye ya kira wayata sau biyu, ina zaune kan tabarmar Gwaggo, ban iya ɗagawa a gabanta ba.

Talata na kamo hanyar Kano daga tashar Kawo. Kafin mu kai Jaji na rubuta wa 'yan gida abin da na gani: a fasa intalok ɗin gindin bango, a kankare filastata, a buɗe barandar da muka toshe, a canza katakon kicin, sannan a yi ɗakuna a baya don haya. Yaya ya turo hannu biyu na addu'a. Ƙannena biyu suka yi shiru. Muna wuce Zariya saƙon Auta ya shigo: ta ji, ta kuma yarda a bar mata cibiyarta inda take, amma kuɗin kwano fam ɗin Ingila ne zai biya, kuma kafin ruwan baɗi.