Tafiyata Boston a bakin guguwar dusar ƙanƙara

Ranar Litinin 26 ga Janairun 2015 na taso a bas daga Bronx, wani yanki na birnin New York, zuwa Boston, matar yayana ta haihu ana shirin suna. Tun ranar Lahadi ba maganar da ake a talabijin sai guguwa, magajin garin New York na lokacin, de Blasio, ya fito yana cewa ƙila a ga dusar da ba a taɓa gani ba, ƙafa biyu zuwa uku. Yaya ya bugo min yace in dai zaka zo to ka fito da safe, in ka kai dare ba hanya.

Muna shiga Connecticut gari ya yi dumɗum, dusa ta fara zuba kaɗan kaɗan, motocin watsa gishiri sai wuce mu suke a titi. Da la'asar muka sauka South Station, babbar tashar Boston, muka biya kanti sayen burodi da madara, wallahi duk an kwashe.

Yaya tasi yake ja, kuma direban tasi a garin nan dole ya san yanayi kamar yadda manomi ya san hadari. Da daddare ya buɗe min taswira a waya yace duba nan, iska mai sanyin tsiya ce ke gangarowa daga Kanada sai ta tarar da ɗumin ruwan Gulf Stream, wato igiyar ruwa mai ɗumi da ke haurowa daga Florida ta gefen gaɓa, inda suka haɗu wajen Carolina nan guguwar ke ƙulluwa tana juyi tana hawa arewa, ta kwaso danshi daga teku ta watso kan tudu, sanyi ya mai da shi dusa. Iskar daga arewa maso gabas take bugowa shi yasa suke ce mata nor'easter. Ya nuna min wani wuri cikin teku kudu da tsibirin Nantucket, digiri 40 arewa 70 yamma, yace in tsakiyarta ta bi ta nan manyan biranen sun shiga uku, in ta matso tudu ruwan sama za a sha, in ta karkata gabas kuma teku ce zata shanye.

Ƙarfe 11 na dare aka tsayar da jirgin ƙarƙashin ƙasa a New York, karon farko saboda dusa, mu kuma a Boston sha biyu aka hana motoci fita. Kwana muka yi iska na kuka a taga. Ranar Talata motar Yaya ba a ganin komai sai madubi, Boston ta samu inci 24.6, Worcester 34.5, teku ta ɓalle ta shiga gidaje a garuruwan bakin teku na Scituate da Marshfield, Nantucket gaba ɗaya ba wuta.

Sai ga abokaina na Bronx a Facebook suna ta zagin masu hasashe wai ƙarya suka yi, don Central Park da ke tsakiyar New York inci 9.8 kawai ta samu. Gaskiya abin ya min zafi, ni da shebur a hannu hannuna ya ƙage. Guguwar ta zo yadda aka faɗa, gocewa kawai ta yi gabas da ƴan gomman mil, ko gabashin Long Island sai da ya sha kusan ƙafa biyu ko fi. Kwamfutar hasashen Turai ta matso da ita kusa da tudu, ta Amurka ta tura ta gabas, dole mutum ya zaɓi ɗaya alhali rayukan miliyoyi ake magana. Abin da nake ganin ya kamata shi ne su riƙa faɗa wa mutane ƙarara cewa hanya biyu ce, kuma ga abin da kowacce zata jawo.

Suna dai an yi, mutane kaɗan ne suka iya zuwa don ba wurin ajiye mota. A hanyar dawowa wajen Worcester tulin dusa ya fi ƙaramar mota tsayi, kafin New Haven ya ragu sosai, Bronx kuwa tituna fes. Ban yi sati da dawowa ba wata ta sake sauka musu, sanyin shekarar sai da Boston ta tara inci 110.6, mafi yawa a tarihinta.