Bel ɗin da ba a gani

Shekara goma sha huɗu ke nan ina riƙe da ƙaramin gareji, ni da yara uku, kuma har yau babu aikin da ke jawo mini musu da masu mota kamar canjin bel ɗin taimin. Birki in ya cinye, kunne zai ji. Taya in ta suɗe, ido zai gani. Shi kuwa wannan bel ɗin yana ɓoye a bayan murfi a gaban injin, kuma galibi ba ya yin sallama ranar da zai tsinke. Sai ka ce wa mutum lokacin canji ya yi, ya kalle ka sheƙeƙe ya ce, "To Malam, me motar ta yi? Lafiya lau na taho da ita."

Bel ne mai haƙora, shi ke ɗaure karanshaf na ƙasa, sandar da fistan ke juyawa, da kamshaf na sama, sandar da ke buɗe bawul, wato ƙofar shigar iska da fitar hayaƙi. Karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya, da haka bawul ke buɗewa ya rufe daidai da hawa da saukar fistan. A injuna da yawa, gurbin da bawul ke leƙowa in ya buɗe, nan fistan ke isowa in ya hau. Lokaci ne kawai ke hana su karo. In bel ya tsinke ana cikin gudu, kamshaf ya tsaya cak, fistan kuwa bai san an yi ba, sai ya taso ya daki bawul ya lanƙwasa shi. Ina da irin waɗannan guda takwas a cikin wani tsohon gwangwani, duk sun karkace kamar ƙusar da aka buga a kan dutse. In gardama ta yi tsawo, nakan zazzage su a kan tebur in yi shiru.

Ba kowane injin ke yin wannan ɓarna ba. Injin 5S-FE na tsohuwar Camry mai lita 2.2, bel ɗinsa in ya tsinke mota ce kawai za ta mutu, a sa sabo a ci gaba da tafiya. J35 na Honda mai silinda shida kuwa ba ya yafiya. Wasu ma sarƙa gare su, kamar 2AZ-FE mai lita 2.4. Shi ya sa kafin in buɗe baki nake duba lambar injin da littafin motar. Akasarin kamfanoni suna sa wa'adin canji tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko kuma adadin shekaru, duk wanda ya riga zuwa. Shekarun nan su mutane ke mantawa, alhali roba tana tsufa ko da mota a ajiye take.

Maganar famfon ruwa kuwa, wanda ke zagaya da ruwan sanyaya injin, da hannuna na koye ta. A shekarata ta biyu wani dattijo ya kawo mota, muka buɗe, na ce masa, "Baba, famfon nan bel ɗin taimin ke juya shi, gara mu canza su tare." Ya ce aljihu ba nauyi, a sa bel kawai. Na juya famfon da hannu, na ji yana tafiya sumul, na biye masa. Wata huɗu aka yi, sai ga motar an jawo ta da igiya. Boris ɗin famfon ya watse, bel ya tsallake haƙora, bawuloli sun tafi. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Yaro, ai kai ne ka san aikin." Maganar ta fi zagi ciwo, don gaskiya ce. Na sauke kan silinda na gyara, ban karɓi ladan hannu ba.

Tun daga ranar, in dai bel ɗin ne ke juya famfo, ba na raba su. Bel, famfo, tanshina mai ɗame bel da sauran ƙananan fulolin da bel ke bi, duk tare suke sauka. Nauyin aikin ba a kayan yake ba, a isa wurin yake: a cire fanbel, a kwance fulin karanshaf, wani lokaci a tallafe injin da jak a cire abin da ke riƙe da shi. Wa zai so a yi masa wannan sau biyu? Sabon bel kuma da ƙarfinsa yake zuwa, tsohon boris bai cika jure masa ba.

Famfo dai yakan ɗan yi magana kafin ya mutu. Akwai wani ɗan rami a jikinsa, in sil ɗin ciki ya fara sakewa nan ruwa ke tsattsafowa, ya bushe ya bar ɓawo mai kalar ruwan sanyaya injin. Ka kama fulinsa ka girgiza, in yana rawa ko yana ƙara kamar an zuba masa yashi, ya gama. Masu cika lagireto da tsurar ruwa su suka fi kawo mana famfo mai tsatsa, har fukafukansa sun zaizaye. Muna nan kuma muke duba sil ɗin baƙin mai na kamshaf da karanshaf, don mai in yana ɗiga a kan busasshen bel, kashe shi yake yi. Akwai wasu injuna, irin 1.0 EcoBoost na Ford da 1.2 PureTech na Peugeot na farko-farko, da aka ƙera bel ɗinsu yana gudu a cikin mai, amma su ma sai da ainihin man da littafi ya ce.

Wurin ɗaurawa ne nake zama a kan yarana. Ba a lanƙwasa sabon bel, ba a ɗosana shi da sukudireba, kowane noti da ma'aunin ɗaurinsa. Babban yarona yakan ɗago ya ce, "Oga, maki ya zauna." Wato alamomin da ke nuna kamshaf da karanshaf sun daidaita. Sai in ce bai zauna ba tukuna. A cire filogi, a sa sifana a juya karanshaf da hannu zagaye biyu cur, sannan a sake duba makin sama da na ƙasa. In haƙori ɗaya ya kuskure, gara hannu ya gano shi da a ce makulli ne ya gano. Bayan nan a zuba ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale, a bar injin ya ɗauki zafi har fanka ta tashi, muna tsugune muna leƙen ƙasa ko ɗigo zai sauko.

Kafin a rufe bonet nakan manna 'yar takarda a jikin murfin, in rubuta kwanan wata da kilomita. Tsohon famfon kuma in sa shi a leda in miƙa wa mai motar, in ce ya juya da hannunsa ya ji.